Ɗigon da ke Gefen Hagu

Ranar da suka haɗu, shi ne ya fara magana. Delphine Wojtowicz tana jingine da shingen filin baya na wasan besbol, inda masu jifan ƙwallo ke motsa hannu da safe, tana danna waya. Wani saurayi ya taho sanye da kayan mai cafke ƙwallo, hular kwanonsa a hammata, ya tsaya ta ɗaya gefen shingen.

"Ke ce Layi na Tara?"

"Ni ce."

"To, ni ne malalacin."

Ta ɗago kai. Ya juya mata baya don ta ga rigarsa: lamba 88, babu suna a sama.

Layi na Tara shafi ne da Delphine, wadda ake kira Del, take rubutawa a intanet kan ƙungiyar besbol ta Ferrymen. Duk watan Fabrairu ita da mahaifinta sukan baro ƙanƙarar garinmu su gangaro Port Amory, a Florida, su yi mako shida suna kallon atisayen bazara. Kujerunsu suna layi na tara, daura da zangon farko, inda mai bugu ke rugawa da zarar ya buga ƙwallo. Tawa kujerar tana layi na goma. Na yi shekara talatin a teburin gyaran labarai na wata jarida kafin in yi ritaya, don haka nakan karanta abin da take rubutawa da jan biro a zuciyata. Ba na yawan samun kuskure.

Ga abin da ta wallafa kwana biyu kafin wannan safiyar:

"Zagaye na takwas. Lamba 88, Ramiro Quinones, ya buga ƙwallo ta gangara a ƙasa, sai ya nufi zangon farko kamar wanda aka aika sayen biredi. Mai irin wannan lambar ba shi da komai sai ƙafafunsa. In ba zai yi gudu a watan Maris ba, yaushe zai yi?"

Maganar tana da tushe. A sansanin bazara, babbar lamba tana nufin ba a sa ran za ka daɗe. Tauraro yana iya yin tafiyar ƙasaita. Mai lamba 88 ba shi da wannan damar.

"Ka zo ka ce ƙarya na yi?" in ji Del.

"A'a. Na zo ne kan sunana. Akwai 'yar wutsiya a saman harafin n ɗin. Mahaifiyata ta karanta, kuma abin da ya fi ɓata mata rai ke nan."

Ta gyara a gabansa, ta nuna masa wayar. Quiñones.

"Shi ke nan?"

"Saura kofi. Wanda ya zagi mutum a gaban jama'a, ai ya saya masa kofi."

Ta saya. Washegari shi ya saya.

A ƙarshen Maris aka tura Ramiro ƙaramar ƙungiya, inda ake yawo gari-gari a bas. Soyayyar ta koma waya.

"Layi na Tara, yau bugu biyu cikin huɗu sun yi mini kyau. Na yi gudu har hulata ta faɗi. A rubuta."

"Tamanin da Takwas, ba na rubuta abin da ban gani da idona ba."

"To ki zo ki gani."

Ta yi tuƙin awa bakwai ta je. A wasan bai samu bugu mai kyau ko ɗaya ba, amma duk sau huɗun ya ruga zangon farko kamar ana bin sa. Bayan an tashi ya ce mata, "Kin zo mini da rashin sa'a, 'yar jarida." Ta ce, "Sai in koma." Ya riƙe hannun rigarta ya ce, "Ban ce ba na so ba."

Matsalar tana zaune a kujerar da ke kusa da tata. Mahaifinta, Casimir Wojtowicz, wanda kowa ke kira Caz, tsohon direban bas ne. Shekara talatin da huɗu yana rubuta kowane bugu na kowane wasa a littafinsa, da fensir. Duk fensirin da ya saya, abu na farko da yake yi shi ne ya sa wuƙa ya yanke kilinar goge rubutu da ke kansa. Yakan ce ba shi da amfani da ita.

Akwai kuma Trent Halvorsen, mai shirin hira kan ƙungiyar a intanet. Shi ya ɗauki jimlar Del ya laƙaba wa Ramiro suna Mai Biredi, sunan ya bi shi har cikin filaye. Trent yakan kawo wa Caz kofi kowace safiya. Ya nemi Del su fita cin abinci sau uku, ta ƙi sau uku, bai daina kawo kofin ba.

Da bazara ta zagayo, Ramiro ya dawo sansani da lambarsa. Ranar hutun farko ya sa riga mai maɓalli ya sami Caz a gidan abincin da yake karin kumallo. Ni ma ina teburin.

"Yallabai Wojtowicz, ina son in auri Delphine. Na zo neman yardarka."

Caz ya gama shafa man shanu a biredinsa tukuna.

"Samari, ba ruwana da albashinka, ba ruwana da inda ka fito. Na ga yadda kake tafiya in kana tsammanin wasan ba shi da muhimmanci. Aure yawancinsa irin wannan wasan ne, ba mai kallo, ba mai tafi. Ba zan ba ka 'yata ba."

Ramiro ya dube shi. Sannan ya ce, "Ka ƙara kallona bana, yallabai."

"Na riga na gani. Yana rubuce."

Del ba ta buƙatar takardar izini daga kowa, shekarunta ashirin da bakwai. Amma tun tana da shekara tara, da mahaifiyarta ta rasu, su biyu ne a layin nan. Ta gaya wa Ramiro ba za ta shiga coci ba sai da hannun mahaifinta a nata. Ya ce ya sani, shi ya sa ya sa riga mai maɓalli.

Mako guda uba da 'ya suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ba sa magana sai "miƙo gyaɗa".

"Baba, sau ɗaya ne," ta ce masa a rana ta takwas. "Bugu ɗaya a shekara guda."

"Ke kika rubuta."

"Na rubuta. Ban yanke masa hukuncin rai da rai ba."

Washegari Caz ya zo da littafin bara a leda, don a daina gardama. Ya buɗe shi a kan gwiwa, ya sa yatsa a kan akwatin zagaye na takwas. Trent ya matso da kofinsa. Sunan Quiñones yana nan, da 88, da kalma ɗaya da Caz ya ƙara a gefe: tafiya.

Na leƙo ta saman kafaɗarsa. Tsohuwar al'ada ce, ba na iya ganin shafi ban duba gefensa ba.

"Caz, wannan ɗigon na mene ne?"

"Wanne?"

"Na gefen hagun akwatin."

"Bahago. Duk mai bugu da hagu ina sa masa ɗigo. Tun kafin a haifi wannan yarinyar nake yi."

A daidai lokacin Ramiro yana cikin fili yana gwada bugu. Mu huɗu muka ɗaga kai muka dube shi. Da dama yake bugu.

"Wataƙila yana yi da hannu biyu," in ji Trent.

"Ko cokali ba ya iya riƙewa da hagu," in ji Del. Muryarta ta yi ƙasa.

Kowa a cikinmu ya san yadda abin yake faruwa, shi ya sa ba wanda ya yi bayani. In wasan bazara ya kusa ƙarewa akan aro 'yan ƙananan ƙungiyoyi na yini guda, a miƙa musu duk rigar da ta saura a kwando, babu suna. Takardar sunayen da ake sayarwa a ƙofa ba ta canjawa. Mai sanarwa ya karanta daga takarda, Caz ya kwafa daga takarda, Del ta rubuta daga takarda. Fensirin Caz ne kaɗai ya kalli mutumin.

Del ta sami Ramiro a shingen da suka fara haɗuwa.

"Ina kake ranar nan?"

Ya ga fuskarta, bai yi kamar bai gane ba. "Filin baya. Ina cafke wa masu jifa."

"Shekara guda, Ramiro. Shekara guda ana kiran ka Mai Biredi, da rubutuna, da sunana a ƙasa."

"Masu horarwa sun san wanda ya buga. Ni ihu kawai nake sha."

"Wane ne?"

"Abokin ɗakina ne a lokacin. Cinyarsa ce ta samu rauni, yana ɓoyewa don kada a sallame shi. Bayan kwana uku aka sallame shi duk da haka. Har yanzu yana neman ƙungiya, Del. Yana da 'ya. In kika rubuta sunansa, duk wanda ya neme shi a intanet wannan zai fara gani."

"Kuma ni? Ka bar ni ina yawo da ƙarya."

"Na ɗauka za a manta."

"Baba ba ya mantawa."

"Wannan ne ban lissafa ba."

Ta tafi. Kwana uku ba ta amsa kiransa ba, shafin ma bai motsa ba. A na huɗu da hantsi ya turo saƙo:

"Layi na Tara, na yi laifi da ban amince miki da maganar ba. Ban yi laifi da na rufa masa asiri ba. Ban san yadda zan raba biyun ba. Ina kewar ki."

Ta amsa: "Ni na san yadda. Duba shafin."

Na gyara dubban irin wannan rubutun a rayuwata. Wannan ban taɓa masa ko waƙafi ba:

"Gyara. Ranar 11 ga Maris ta bara na rubuta cewa Ramiro Quiñones bai yi gudu zuwa zangon farko ba. Ba shi ba ne. Ba ya cikin filin. Na ga lamba, ban ga mutum ba. Wanda ya sa rigar yana da rauni a lokacin, kuma ba zan faɗi sunansa ba. Masu karatu su sani cewa ina son Quiñones, ina fatan aurensa. Wannan bai canja abin da ke sama ba."

Trent ya tare ta a matakala. "Ki ba ni sunan mana. Mu yi shiri tare, masu sauraro za su ninka."

"Ban ma tambayi sunan ba, Trent."

Daga ranar ya koma kai kofinsa layi na huɗu.

Aka kai rabin wasan ranar. Caz ya juyo gare ni, bai kalle ni ba.

"Kana da kilina?"

Ina da ita. Ya buɗe littafin bara ya goge sunan a hankali, ya hure, ya goge kalmar da ke gefe. Ya bar 88, ya bar ɗigon. Ya miƙo mini kilinar, na ce ya riƙe.

Bayan an tashi ya sauka har shingen da Ramiro yake, abin da gwiwarsa ba ta so. Del tana bayansa.

"Samari."

"Yallabai."

"Me ya hana ka gaya mini a gidan abinci?"

"Da ka tambaye ni sunansa."

Caz ya yi tunani. "Da na tambaya."

"Shi ya sa."

"Ka iya cin kabeji?"

"Zan koya."

"Lahadi, ƙarfe ɗaya. Kada ka makara." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Na san ba za ka makara ba."

Ramiro bai samu shiga babbar ƙungiya ba a wannan bazarar. An tura shi mataki ɗaya ƙasa da ita, ya yi kakar wasa mai kyau. An ɗaura auren a watan Nuwamba a cocin unguwarsu Caz, ana yayyafin ƙanƙara. Caz ne ya rako ta har gaba. Doña Altagracia, mahaifiyar ango, ta zo da tukwanen shinkafa da wake daga garinsu Paterson, ta rungume Del, ta ce mata ta yafe tun ranar da aka gyara harafin n.

Wajen liyafa aka miƙa wa Caz makirufo. Ya zaro sabon fensir daga aljihu, da kilinarsa a kai, ya ajiye a gaban ango da amarya.

"Shekara talatin da huɗu ina yanke wannan," ya ce. "Ku bar taku. Allah ya yi muku albarka, ke da ɗana."

Jama'a suka amsa da amin. Del ta kama hannun mijinta a ƙarƙashin tebur ta ce, "Tamanin da Takwas, kuka kake yi?" Ya ce, "Kada ki rubuta." Ta ce, "Ai na gani da idona."

Da na koma gida na sake duba katin gayyatar, harafi bayan harafi. Wutsiyar tana kan n, a sunansa da kuma sabon sunanta. Allah ya bar su tare.