Ɗinkin Koren Zare

"Wa ya yanka wannan?!"

Muryar Auta ce ta cika shagon, har masu wucewa a bakin titi suka waiwayo.

Ƙugun wandon jins ne a hannunta, shi kaɗai, da zif ɗinsa da aljihu ɗaya yana reto. Ƙafafun babu, an bi su da almakashi tas.

'Yar Gayu, ɗiyar Goggon Auta mai shagon, ko ɗagowa ba ta yi ba daga gyaran farcenta.

"Ni ce mana. Ba aikina ba ne yanka tsumma?"

"Tsumma? Wandon Dogo ne! A ƙusa na rataye shi, nan bayan kujerata!"

"Au... nasa ne?" Ta ware ido kamar gaske. "Ni dai a ƙasa na tsince shi. Ke ma ki duba fisabilillahi, facin jikinsa ya fi wandon yawa."

Auta ta durƙusa a gaban kwandon tsumma.

Haka ake aiki a shagon. Duk wandon da mai shi ya haƙura da shi sai a jefa a kwandon da ke ƙarƙashin tebur, 'Yar Gayu ta yayyanka shi kamar faɗin tafin hannu, Auta kuma ta riƙa ɗauka tana yi wa wandunan mutane faci ta ciki. Tun safe take ɗiba daga tulin nan ba tare da ta duba ba. Da hannunta ta rarraba wandon masoyinta a gwiwoyin mutanen gari.

Kuma gobe da yamma zai zo gaban Baba kan maganar aurensu.

Dogo mai walda ne a ƙarshen layinsu, tartsatsin wuta ba ya barin tufafinsa su huta. Ranar da ya fara kawo mata wandon nan ta hango wani ɗinkin hannu a cinyar hagu, karkatacce, da koren zaren da ko kusa bai dace da jins ba. Ta yi dariya ta ɗauki reza za ta farke.

Caraf ya riƙe rezar.

"Ko'ina ki taɓa, ban da nan."

Mamarsa ce ta ɗinka, tana kwance ba lafiya, idonta ya yi rauni, da zaren da hannunta ya kai gare shi. Ba ta sake riƙe allura ba har ta rasu. Ranar sai Auta ta sa ƙyalle ta bayan ɗinkin ta tallafe shi don kada ya zare. Da ya juya wandon ya ga abin da ta yi, ya daɗe yana kallonta. Daga nan fa wandon ya dinga samun sabuwar huda kusan kullum, har Goggo ta fara tambaya ko da gangan yake zama a kan wuta.

'Yar Gayu ta riga Auta ƙyalla ido a kansa. Sau nawa tana ce masa ta san inda ake sayar da jins masu kyau, za ta raka shi. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya miƙa wa Auta tsohon.

A gidan su Auta, Yaya ne ya tada ƙayar baya.

"Mutumin da ya kasa sayen sabon wando shi zai riƙe mace? Ke ma faci zai yi miki idan kin yage?"

Yayan nan kuwa, da a ce bango na magana! Ɗan ƙwalisa ne na ƙin ƙarawa, amma akwai wani jins da yake so kamar ransa, kuma ta ƙofar baya yake shigo da shi shagon a naɗe cikin leda. Ko yau da safe sai da ya zo, ya zauna a bayan labule yana jira ta dawo daga sayen zare, sannan ya tsaya a kanta yana "yi sauri kar wani ya gan ni", ya fizge wandon tun kafin ta juya shi.

Da ƙyar Baba ya ce a bar yaron ya zo ya gan shi da idonsa. Dogo kuma ya riga ya faɗa mata da wannan wandon zai zo.

"Mama ba ta ga wannan ranar ba, Autata. Bari ko ɗinkinta ya raka ni."

Sau ɗaya ta taɓa cewa ko zai sayi sabo, sai ya ce, "Kunyata kike ji?" Kwana da kwanaki bai leƙo shagon ba, ita kuwa ko abinci ba ya wuce mata.

Yanzu ga ta durƙushe ta zazzage kwandon, tana juya kowane ƙyalle gaba da baya. Ga na gwiwar dama, ta gane facinta. Ga na bakin ƙafa, da ƙunar walda. Koren zaren ne babu.

Ta sake bi daga farko. Babu.

"Wayyo Allah na... na shiga uku!"

"Ke dai kin cika abin haushi," in ji 'Yar Gayu cikin lallausar murya. "Tashi ki sayo masa sabo. Ki ce wancan bai gama ba, in an wuce gobe kya lallaɓa shi. Wane namiji ne zai ƙi sabon wando?"

Auta ta san bakin da ya ba da shawarar. Amma tsoro ya riga ya toshe mata tunani, ta ɗauki mayafinta ta fita.

Washegari da safe ta sami Dogo a bakin aikinsa, ya sunkuya a kan wata ƙofar ƙarfe. Ya ɗaga gilashin fuskarsa. Bai yi mata murmushin da ya saba ba.

"Ina kwana, Dogona..."

"Lafiya lau."

Ta miƙa masa ledar sabon wandon da ta sayo.

"Na ce ko za ka sa wannan yau... wancan ɗin bai gama ba."

Ya leƙa ledar, ya ɗago ya zuba mata ido.

"Bai gama ba?"

"Eh... saura kaɗan."

"'Yar'uwarki ta biyo ta nan jiya. Ta ce kin jefa shi a kwandon tsumma, kin ce ba zan kunyata ki a gaban Yayanki ba. Na ce mata ƙarya take." Ya ajiye ledar a gefe. "Na ce Autata ba za ta yi haka ba."

"Wallahi ba ni ba ce! Ita ta yanka, ni ban sani ba, na rantse maka..."

"To an yanka ke nan."

Ta sunkuyar da kai.

"Da ƙugun kika zo mini da shi a hannu kina kuka, da na yarda da ke ko duniya za ta ƙaryata. Amma kin zo da sabo a leda, kin kalli idona kin ce saura kaɗan."

"Tsoro na ji, masoyina... tsoron in rasa ka."

"Ni kuma na rasa Mama sau biyu."

Ya sauke gilashin. Wutar walda ta tashi, dole ta kawar da fuskarta.

Ba ta san yadda ta koma shago ba. Ta tarar 'Yar Gayu ta fice yawonta. Ta tattara ƙyallayen nan a kan tebur, tana share hawaye da bayan hannu, ta shiga jera su. Babu wanda ya san wandon nan kamarta, kowace huda ita ta rufe ta. Wannan na nan ne, wancan na can. Inda ta riga ta ɓatar ta cike da wani ƙyallen. Ta hau keken ɗinki tana haɗawa, allura ta soke ta ba ta ma ji ba.

Da ta zo cinyar hagu sai ta ɗauke ƙafarta daga keken. Ta ɗauki ƙyalle, ta ajiye. Ta ɗauki wani, ta ajiye. A ƙarshe ta bar wurin a buɗe.

Da yamma Baba ya zauna a falo da tabaraunsa. Yaya na gefe ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai duba agogo yake yana taɓe baki. Auta na bayan labulen ɗaki, wandon a ƙirjinta, duk babur ɗin da ya wuce sai ta leƙa.

"Baba, ni fa na faɗa," in ji Yaya. "Ƙila yana can yana neman aron wando."

Rana ta fara sanyi. Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Sai ga sallama.

Dogo ne, da kayan aikinsa ya shigo, duk ƙunar wuta, ledar nan a hannunsa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ajiye ledar a gefe.

"Baba, na zo ne don bai kamata in bar babba yana jirana ba. Amma maganar da ta kawo ni... ina ganin a bar ta."

Auta ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba.

"Dogo, tsaya! Don Allah ka tsaya!"

"Ke! Wa ya kira ki?" Yaya ya daka mata tsawa.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta durƙusa ta shimfiɗa wandon a kan tabarma, ɗinki a kan ɗinki, sai huda ɗaya a cinyar hagu.

"Na yi maka ƙarya da safe, ka yafe mini. Amma ban taɓa jin kunyarka ba, ko sau ɗaya. Ga shi na haɗa duk abin da na samu... nata ne kawai ban samu ba. Na kasa sa wani a wurinta."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Dogo ya kai hannu ya shafa bakin hudar, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Yaya ya ja tsaki.

"Wai duk a kan wannan tsumman ake wannan koke-koken?"

Dogo ya ɗago zai ba shi amsa, sai maganar ta maƙale. Ba fuskar Yaya yake kallo ba. Gwiwarsa yake kallo, wadda ke lilo dab da hancinsa.

Ta cikin yagewar gwiwar, a kan facin da ke leƙowa, ga koren zare nan a karkace.

Auta ta bi idonsa, ta dafe ƙirji. Ta baya ta ɗinka shi jiya, inda ƙyallenta ya rufe zaren, Yaya kuma bai bari ta juya ba.

"Yaya... gwiwarka!"

Yaya ya duba, ya yi wuf ya rufe da tafin hannu.

"Wannan ai... haka ake yayinsa yanzu. Haka na saye shi."

"Haka ka saye shi?" Baba ya leƙo ta saman tabarau. "Wandon da na sani tun kana makaranta?"

Yaya ya kalli ƙanwarsa, fuskarta duk hawaye, ya kalli hudar da ke kan tabarma. Ya sauke ƙafarsa ƙasa.

"To, na ji. Ita take yi mini faci." Ya sosa ƙeya. "Kuma jiya ina bayan labulen shagon lokacin da ta tafi sayen zare. Da idona na ga 'Yar Gayu ta sauko da wando daga ƙusa ta hau shi da almakashi. Ban san naka ba ne. Da na yi magana, da an san na zo."

Baba ya fara dariya ƙasa-ƙasa, har sai da ya cire tabarau.

Dogo bai yi dariya ba. Ya matsa a kan gwiwoyinsa, ya sa yatsa ya taɓa koren zaren a hankali, hawaye na bin kumatunsa.

"Ashe Mama ta riga ni shigowa gidan nan..."

Yaya ya sauke hannunsa daga gwiwar. Duk ƙwalisar ta zube.

"Mahaifiyarka ce ta ɗinka?"

Dogo ya gyaɗa kai.

"Allah ya jiƙanta," in ji Baba, muryarsa ta sauya. "Yaro, ka ce a bar maganar. Har yanzu a bar ta?"

Dogo ya juya ya kalli Auta.

"A'a, Baba. Sai dai in ita ce ta gaji da yi mini faci."

"Ban gaji ba!" ta faɗa da ƙarfi, sannan ta tuna a gaban wa take, ta rufe fuska da mayafi.

Yaya ya miƙe ya shige ɗaki, can sai ga shi da zani a ƙugu, ya cilla mata wandon.

"Farke ki mayar masa da abinsa. Amma ki rufe mini gwiwata, kuma in na ji maganar nan a waje, ni da ku ne."

A nan kan tabarmar ta zauna da reza da allura, ta ciro ɗinkin Mama ba tare da zare ɗaya ya tsinke ba, ta mayar da shi cinyar hagu. Dogo na gefe yana riƙe mata bakin wandon.

"To ni da me za a rufe tawa?" in ji Yaya.

Dogo ya jawo ledar nan, ya zaro sabon wandon da ko takardar jikinsa ba a cire ba, ya miƙa wa Auta tare da almakashi.

"Yanka masa a nan, Autata. Yaya ba ya son tsohon abu."