Ƙofar da Aka Bar wa Tjeerd

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Bosma zuwa wani ƙaramin kamfani a garin Naaldwijk na ƙasar Holan, masu rubuta manhajar ban ruwa ta gidajen gilashi da ake noman tumatir a ciki. An sace manhajar kakaf, har an ga wani yana tallarta a intanet.

Annelies, mai kamfanin, ta tura masa kofi. "Duk aikinmu a kwamfuta ɗaya yake, tana riƙe da wanda ya sauya me da yaushe. Da can kowa da kalmar sirri yake shiga daga gida. Bara muka yi taro, awa uku cur, muka ɗaga hannu: a rufe wannan hanyar, kowa ya riƙa shiga da makullinsa na kansa, wato lambar sirri mai ɗauke da sunansa."

"Wa ya rufe?"

"Ruud. Shi ke kula da ita."

Ruud dogo ne, mai furfura a gemu. Ya miƙo takarda bai ɗago ba. "Rajistar masu shiga kwamfutar ta nuna makullin ma'aikaciyarmu Sanne ne ya kwashe komai ranar Alhamis."

"Babu wata ƙofa?"

"Babu, Sufeto."

Sanne wata huɗu kacal ta yi a wurin, kuma tuni an karɓe katinta na shiga. Idan maganar ta tabbata, kotu ce, kuma babu mai sake ɗaukarta aiki a wannan sana'a. Bosma ya same ta a gida, idanu jajur.

"Ban ɗauki komai ba! Haba, ni da Baba Tjeerd ya bugo mini makon jiya yana yaba gyaran da na yi wa lissafin famfo?"

"Wane ne Tjeerd?"

"Wanda ya kafa kamfanin. Ya samu shanyewar ɓarin jiki, shekara biyu ke nan yana gidan tsofaffi."

Bosma ya ajiye biro. "To ina ya ga gyaran naki?"

Ya miƙe, ya nufi gidan tsofaffin.

A gidan tsofaffin, Tjeerd na zaune a falon da kowa ke shiga, baƙi da masu kawo kaya duka. Allon kwamfuta na gabansa. A gefen allon an manna takarda, an rubuta adireshi da kalmar sirri da manyan baƙaƙe, waɗanda ko daga bakin ƙofa za ka karanta. Kai, abin takaici!

"Yarona Ruud ya rubuta mini," in ji tsohon, maganar na fita da ƙyar. "Makullin nan nasu ya fi ƙarfin hannuna. Kullum da safe nakan duba abin da yara suka rubuta. Wasu jarida suke karantawa, ni wannan ce jaridata."

Bosma ya ɗauki hoton takardar. Bai ji daɗin aikinsa ba ranar nan, ko kaɗan.

Da azahar ya ajiye hoton gaban Ruud, kusa da burodi da cukun da Ruud bai taɓa ba.

"Rubutunka ne?"

Ruud ya gyaɗa kai. "Tjeerd ne ya koya mini aiki. Ranar da na rufe hanyar ya bugo yana kuka, wai mun kore shi daga gidansa. Na buɗe masa, na ce na mako ɗaya ne."

"A taron ka ɗaga hannu?"

"Ni na kawo shawarar ma."

"Rajistar fa?"

"Ranar Juma'a na ga ta ƙofar Tjeerd aka shiga. Na goge sunansa. Sai wurin ya zama fili, na sa sunan Sanne. Na ce ita sabuwa ce, yarinya ce, za ta samu wani aikin. Kwana uku ban iya haɗiye abinci ba, Sufeto."

"Ɓarawon nan wataƙila ba zan taɓa ganinsa ba, mutum ɗari sun wuce ta falon nan. Amma wanda ya sa sunan Sanne yana gabana. Ɗauko rigarka."

Ruud ya tashi, ya tsaya gaban allonsa. "A bar ni in rufe ƙofar tukuna."

Bosma ya gyaɗa kai. Layi ɗaya Ruud ya goge, bai kai minti ba.

A mota Ruud ya ce, "Gobe ƙarfe takwas Tjeerd zai kunna, ba zai buɗe ba. Wa zai gaya masa?"

Bosma ya tayar da mota.