Ga Lilo Can, Babu Hanya

Ruɓaɓɓiyar kankana ce ta haɗa su, a kasuwar kayan marmari ta Utaiqa. Sha'aban na sauke kaya daga motar kamfaninsu, ɗaya ta suɓuce masa ta fashe a gaban wata budurwa. Ruwan nan mai yauƙi ya wanke mata abaya har gwiwa, wari ya tashi, ƙudaje suka taso kamar an kira su biki.

Yarinyar ta buɗe baki da Larabci ta yi ta zuba masa. Da Larabcin ya ƙare sai ta ce, "Wayyo, ƙazanta! Allah ya isa!"

Sha'aban ya tsaya da ɓawon kankana a hannu. "Ashe 'yar gida ce. Yi haƙuri, ƙanwata. Ci gaba da zagin da Hausa, ya fi shiga jiki."

Ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata. Idanunta kaɗai ya gani a saman niƙabi, su kuwa suka gama da shi. Sunanta Hajar.

A idona aka yi, ni Dawuda da yaran unguwar Sulay ke kira Baba. Ban taɓa shiga aji ba, amma na shigo Riyad tun rabinta yashi ne. Na faɗo daga saman gini na tashi na karkaɗe rigata. Kafilaina, Larabawan da na zauna a ƙarƙashinsu, duk sun riga ni kwanciya, ga ni nan da haƙorana. Ɗakinmu ɗaya da Sha'aban, yaron Gusau ne, kuma duk saƙon da ya shigo wayarsa sai ya karanta mini, don daɗi ba ya zama a cikinsa.

Ta rubuto masa: "Sabahul khair, ya mai kankana. Na wanke abayar har hannuna ya gaji, warin bai fita ba. Duk na ji shi sai in tuna ka. Yabo ne ko zagi, ban sani ba."

Ya mayar mata: "Sukkarina, dabinon da ya fi kowane zaƙi a Utaiqa. Ko da wari ne, alhamdulillahi tunda ana tuna ni."

Na ce masa, "Tir. A zamaninmu turare ake aika wa mace."

Mahaifinta, Alhaji Saidou, mutumin Maraɗi ne mai shagon labule, a Riyad aka haifa masa Hajar. Da na je masa da maganar aurensu, ko shayi bai ƙara mini ba.

"Malam Dawuda, yaron ba shi da kowa a garin nan. Iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, a hannun kamfanin kayan gwari take, gobe suna iya sallamarsa. Kuma ka yi haƙuri, albasa yake wari. Ga Almustafa ɗan ƙanena yana sonta, a shagon turare yake."

Na san Almustafa. In ya wuce ta gabanka sai ka yi atishawa har ya sha kwana.

Hajar ta ce ita ba ta yi. Uban ya ce shi ma bai yarda da mai kankana ba. Aka yi watanni ana cin abinci babu mai kallon wani, har dai Alhaji ya gaji ya ce mahaifiyarsa na zuwa ziyara daga Maraɗi, wanda ta nuna shi ke nan, ba zai ƙara magana ba.

Hajjo, mahaifiyar tasa, ta iso a ƙarshen 2019, lokacin da gari ya rikice da wasanni. Tsohuwa ce ƙarama, bakinta ja da goro, tana da lalura ɗaya: ba ta shiga mota. Daga filin jirgi zuwa Utaiqa sai da ta cika leda biyu da amai. Amma ta ga malahi a wayar Hajar, wato filin wasan nan na arewacin gari mai ƙaton lilo kamar taya, da layukan shaguna kewaye da shi. Ta ce sai ta gani da idonta, kuma can za ta saya wa jikarta kwanukan aure, ko wa za ta aura.

Almustafa ya ce zai riƙa kai ta kullum a motarsa mai sanyi.

"Kullum?" in ji ta. "Kashe ni za ka yi?"

Nan Sha'aban ya ga ƙofa. "Inna, zan nemo miki otal kusa da wurin. Sau ɗaya za ki shiga mota. Daga nan da ƙafa za ki riƙa zuwa, kamar daga ɗaki zuwa rijiya."

Ta dube shi sama da ƙasa. "To, mai kankana. Mu gani."

Ya zaga otal-otal bayan ya tashi aiki. Wani ya yi nisa, wani tagarsa bango take kallo. A ƙarshe ya shiga wani ɗaki ya ɗaga labule, sai ga lilon ya cika tagar, har yana ganin ƙafafun mutane na reto. Ya sauko ya shiga mota ya gwada, kafin waƙa ɗaya ta ƙare a rediyo ya isa ƙofar malahi. Ya kama ɗakuna biyu.

Ya tura wa Hajar: "Sukkarina, na samu. In Inna ta miƙa hannu ta taga za ta taɓa lilon."

Ta ce: "Allah ya sa, ya albi, zuciyata. Rayuwata tana cikin otal ɗin nan, ka sani ko?"

Sha'aban direba ne. Tunda ya zo ƙasar nan bai taɓa taka Riyad da ƙafa ba, da taya yake auna gari. Da ni ya tambaya, ni da na taɓa tafiya daga Sulay har Utaiqa a ƙasa cikin azumi, da na gaya masa. Bai tambaya ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka fito daga otal: Hajjo a gaba da sandarta, Alhaji da sabon rawani, Hajar, Sha'aban cikin farar jallabiya, sai ni da aka gayyato a matsayin ubansa. Ga lilo can a gabanmu. Muka tsallaka titi ɗaya, sai katangar ƙarfe, ta masu haƙa hanyar jirgin ƙasa. Dama katanga, hagu katanga.

"Ƙofar na gaba kaɗan, Inna," in ji Sha'aban.

Muka bi jikinta. Babu wurin masu tafiya a ƙasa, sai ɗan siririn fili tsakanin katangar da babban titi, motoci na wucewa suna kaɗa mana riguna. Muka bi ta bayan gidajen abinci. Ban taɓa ganin almubazzaranci irin wannan ba: tulin shinkafa da rabin kaji a cikin bola sun kumbura da rana, kyanwoyi masu ƙuraje na birgima a ciki, mai na tsiyaya a ƙasa yana kama takalmi. A gaba ga banɗakunan leburori na roba, ƙofofi a buɗe. Lilon kuwa yana komawa bayanmu.

Hajar ba ta iya yi wa Sha'aban magana a gaban ubanta, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu.

"Haram alaik. Almustafa ya ce ko zuwa ba ka yi ba, a waya ka kama otal ɗin. Gaskiya ne?"

Yana tafiya yana rubutu: "Wallahi na je. Da mota na gwada. Wauta ce, ba ƙarya ba."

"Ka kashe mu."

Sai muka tarar da wani ruwa. Bututun masai ya fashe a ƙarƙashin katanga, baƙin ruwa mai kumfa ya tare hanyar gaba ɗaya har bakin titi. Ni da na kwana a gidan yarin masu jiran kora, na rantse ban ji wari irin wannan ba. Wani ya jera bulo a ciki. Hajjo, da taurin kai, ta ɗora ƙafa a na farko. Ya juye. Ta zurma har ƙauri, takalmi ɗaya ya tafi, bakin zanenta ya sha.

Sha'aban ne ya riƙo ta. Tana ɗagowa warin ya bugi cikinta, ta juye masa goro da abincin rana a ƙirjin farar jallabiya.

Alhaji ya ja baya, ya naɗe hancinsa da rawani. "Ka gani ko, Malam Dawuda? Ka ga surukin da ka kawo mini?" Ya kira Almustafa a waya.

Kafin mu gama salati motar ta tsaya a gefen titi, ashe yana kusa yana jiran labari. Ya fito ya dubi ƙafar kakarsa, fuskarsa ta yamutse. Ya buɗe but ɗin motar ya ɗauko ledoji ya shimfiɗa a kujera, ya shimfiɗa a ƙasa, sannan ya zaro kwalba ya shiga fesa mata turare daga nesa, kamar mai korar sauro.

"Inna, ki sa ƙafar cikin leda tukuna. Kujerun fata ne."

Turare ya haɗu da masai. Tsohuwa ta sake yunƙurin amai.

Sha'aban bai tsaya kallonsa ba. Ya ruga wurin tankin ruwan leburori ya ciko jarka. Ya zaunar da ita a kan bulo, ya durƙusa, ya ɗora ƙafarta a cinyarsa. Da hannunsa ya wanke, har tsakanin yatsu, yana cire abin da ba zan faɗi sunansa ba. Ya matse bakin zanen ya ɗauraye. Ya goge mata ƙafa da gefen jallabiyarsa da ya rage da tsabta, ya cire takalmansa ya sa mata. Sun yi mata yawa kamar kwale-kwale.

"Inna, laifina ne. Ki shiga motar, ya fi miki."

"In shiga mi? Ni na ce da ƙafa za ni." Ta buga sanda. "Juyo bayanka."

Ya goya ta. Ba takalmi ya shiga ruwan nan, yana taka abin da yake takawa, tana bisa tana ce masa, "A hankali, jakin banza, kar ka zubar da ni." Hajar na biye a kan bulo, tana kuka tana dariya. Alhaji ya bi su yana tattare riga. Almustafa ya tsaya naɗe ledojinsa.

Sauran aikin nawa ne, kuma ba kowa zai iya ba. A ƙofar ma'aikatan ginin na hango mai gadi, na ji yadda ya yi wa wani tsawa na san Bazindire ne. Na ce, "Moussa ko Abdou?" Ya ce Moussa. Na tambaye shi unguwarsu, na lissafa masa mutanen da na yi aiki da su daga can. Ya kira shugabansa, aka ba mu hular kwano, aka ratsa da mu ta tsakiyar aikin. Hajjo da hular kwano a kan kallabi, a bayan saurayi. Muna fitowa sai ga ƙofar malahi.

Ya sauke ta a kan benci. Fitilu sun fara kamawa, kiɗa kamar ana rushe gida, ƙanshin soye-soye da gumi. Ta ɗaga kai tana kallon wani injin da ke juya mutane yana kifa su, suna ihu. Aka tsayar da shi, wani ƙato ya sauko yana tangaɗi, ya rungumi kwandon shara.

"Hajar, wancan biya ya yi aka yi mishi haka?"

"Eh, Inna."

"Tir. Ni da ake yi wa kyauta a mota." Ta tofar da yawu. "Na gani, ya ishe ni. Saidou, zo nan."

Alhaji ya matso, rawanin na hancinsa har yanzu.

"Sauke wannan tsumman in ina magana. Ni na wanke maka kashi har ka yi wayo, ban toshe hanci ba." Ya sauke. Ta nuna Sha'aban da sanda, yana tsaye ba takalmi, ƙudaje na bin rigarsa. "Wannan yaro bai iya zaɓen masauki ba. Ko akurkin kaji kar a aike shi nema. Amma ran da Hajar za ta yi laulayi, wa zai riƙe mata roba? Wancan mai leda?"

"Inna, iƙamarsa..."

"Kai da ka zo ƙasar nan mi gare ka? Buhu ɗaya da tabarma. Na ba shi."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙafafun Sha'aban. Sannan ya ce, "Je ka wanke jikinka, ɗana. Ka turo Malam Dawuda ranar Juma'a."

Wayar Sha'aban ta yi ƙara, alhali Hajar na tsaye a bayan kakarta.

"Ka yafe mini zargin da na yi, ya albi. Kana wari fiye da ranar kankana. Ban taɓa son ka kamar yanzu ba."

Ba a sayi kwano ko ɗaya a wurin ba. Hajjo ta leƙa shago guda ta ce kwanukansu ba su da murfin kirki, a Utaiqa ta saya. Komawa otal kuwa, Moussa ne ya sake ratsawa da mu.

An ɗaura aure bayan wata biyu a masallacin unguwarsu, ni ne wakilin ango, kuma duk wanda ya halarta ya ce bai taɓa jin an karɓi aure da murya irin tawa ba. Almustafa ya zo, ya kawo wa ango kwalbar turare babba, muka ce mun gode, an san dalili. Da abokai suka tambayi inda amarya da ango za su je hutawa, Hajar ta aiko daga cikin gida cewa ko'ina ne, ita za ta zaɓa.

Ranar da Hajjo za ta koma, Sha'aban ya durƙusa yi mata sallama, ya ga takalmansa a ƙafarta, ta cusa tsumma a gaba don su zauna.

"Inna, ai na sayo miki sababbi."

"Riƙe abinka, angona. Waɗannan sun san hanya."

Ta dafa kansa, ta dafa na Hajar, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu yawa, masu lalata riga, ya kuma bar musu juna har tsufa. Muka ce amin. Sannan ta karɓi ledarta ta shiga mota.