Tagar Pelagia

"Sau nawa zan tambaye ki, Bronka? Jirgin ƙasa ba zai jira ni ba!"

"Rage murya, Mietek, don Allah! So kake matan gidan nan su samu abin taunawa?"

A tsakar gidan ma'aikata suke tsaye, gefen famfo. Benayen jan bulo sun kewaye su, kowace taga da kunnenta. Jiniyar masaƙa ta riga ta busa, masu aikin safe suna dawowa da farar ƙurar auduga a ka, kamar waɗanda suka tsufa a yini guda.

Mietek mai gyaran injin saƙa ne. An tura shi sabon birnin ƙarfe da ake ginawa a kudu, inda mai aure yake samun ɗaki. Bronka masaƙiya ce, kuma ɗakin da take ciki da mahaifiyarta na masaƙa ne. Ranar da ta ajiye aiki, ranar za a karɓe makulli.

"Mu tafi da Mama mana, zuciyata! Na ce miki zan ɗauke ta ko a bayana ne."

"Ka san ba za ta bar tagar nan ba..."

Kowa a unguwarmu ta birnin Lodz ya sani. Tun da sojoji suka tafi da mijinta lokacin yaƙi, Pelagia, mahaifiyar Bronka, take zaune a tagar da ke kallon ƙofar gida. Yaƙi ya ƙare, wasu sun dawo, wasu an kawo labarinsu. Shi babu ko ɗaya. Mata suna nuna ta ga 'ya'yansu, wai ga mace mai amana. Ba wadda ta taɓa hawa ta tambaye ta ko ta gaji.

Wata maƙwabciya ta fito da bokiti, tana tafiya a hankali fiye da kima. Sai Bronka ta yi abin da duk 'yar masaƙa take yi idan ba ta so a ji. Ta kashe murya, ta bar leɓɓanta su yi magana. Haka ake hira a cikin rurin injuna, inda ko ihu ba ya kai wa kunne.

"Baba ya mutu, Mietek. Na daɗe da sani a raina. Amma idan na raba ta da tagar nan, ni na kashe ta."

"Ni fa?" Shi ma da leɓe ya amsa. "Ni ba rai gare ni ba?"

"Kai ne raina... Ka tafi. Ka samu wata, mai dariya, wadda ba ta tari."

"Bronka!"

"Ka tafi na ce!"

Taga ta buɗe a sama da ƙarfi.

"Ke! Hawo nan! Kai ma mai baƙin hannu, biyo ta!"

Pelagia ce. Ashe Bronka ta ɓoye maganarta daga masu kunne, ta shimfiɗa ta a gaban matar da injuna suka cinye wa kunnuwa tun tana budurwa, wadda da ido take jin magana. Da ta yi ihu ma, da Pelagia ba ta ji komai ba.

Ɗakin yana ƙamshin miyar kabeji. Tsohuwar rigar sanyin mahaifinta tana rataye a ƙusa, inda ya bar ta. Pelagia tana tsaye, kuma murya ta ɗaga, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Kalle ni. Maimaita abin da kika ce."

"Mama, ki yafe min... ban yi nufin..."

"Ban ce ki yi kuka ba! Kuka yana ɓata baki, ba na ganin komai. Kin ce ubanki ya mutu?"

Bronka ta gyaɗa kai.

Pelagia ta zauna a bakin gado.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun shekarar da na fara aiki."

"Wayyo ni... Wayyo mu, wawaye biyu a ɗaki ɗaya."

"Mama?"

"Kina ƙarama, kullum kika dawo makaranta sai ki ce, 'Baba ya zo?' In ce miki ina nan ina dubawa. Ranar da na tashi daga tagar, kwana kika yi ba ki ci abinci ba. Sai na koma na zauna. Kika girma, kika daina tambaya, amma duk shigowarki sai kin ɗaga kai kin dubi taga. Na ce yarinyar nan har yanzu jira take."

"Ke nake dubawa, Mama! Ke!"

"To ni ma ke nake dubawa, 'yar nan. Wa kike zato nake jira idan jiniya ta busa?"

Bronka ta zube ta kifa kai a cinyarta. Mietek ya cire hula, ya rasa inda zai sa ido.

"Kai," in ji Pelagia, "ɗakin naka yana da taga?"

"Yana da ita, Mama. Sai dai laka take kallo, da ramukan gini."

"Na kalli ƙofa ɗaya har idona ya gaji. Laka ma canji ce."

Bronka ta ɗago, ta goge fuska don a ga bakinta. "Idan kuma... idan yana raye, ya zo ya tarar da baƙi?"

"Idan yana raye, yana da baki, zai tambaya. Idan ya mutu, ya fi mu sanin inda muke." Ta miƙa hannu ta sauke rigar daga ƙusa, ƙura ta tashi. "Ungo, Mietek. An ce can akwai sanyi. Ta yi maka girma, amma Bronka za ta ciyar da kai har ka cika ta."

Matan gidan sun yi ta surutu, wai ba a dasa tsohuwar bishiya. Pelagia da kanta ta kai makulli ofis.

An ɗaura auren a cocin unguwa kafin tafiya. Da Fada ya tambayi amarya, sai ta juya daga fuskar ango, ta nemi benci na gaba, inda mahaifiyarta take zaune. Ta buɗe baki sosai, irin na cikin masaƙa.

"Na yarda."

Fada bai ji komai ba, har ya sake tambaya. Amma Pelagia ta riga ta amsa, leɓɓanta suna motsi, ba sauti.

"Je ki, 'yata. Na tashi daga taga."