Injin Niƙan Yaya

Tun shayi bai huce a kofi ba injin ya tashi. Gir-gir-girrr! Madubin bango ya kama rawa, cokula suka hau kaɗa juna a kwando, jaririyar da Amarya ta sha wahalar lallaɓawa ta farka da tari.

Amarya ta rufe taga, ta toshe ƙasanta da tsumma. A banza. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da rumfar da yayar mijinta take niƙa, kuma bututun hayaƙin injin tagar nan yake kallo. A ƙofar gida kuwa kwanukan masu niƙa sun yi layi, sai ta tsallake hatsin mutane kafin ta fita.

"Ka yi mata maganar?" ta tambayi mijinta Auta, yana ɗaure igiyar takalmi.

"Na yi... wato na fara."

"Ka fara! Tun ina da ciki kake farawa."

"Don Allah ki fahimce ni. Da injin nan Yaya ta yi min karatu bayan rasuwar iyayenmu. Da wane baki zan ce ta kashe shi?"

"Likita ya ce ƙirjin yarinyar nan ba zai jure hayaƙi ba. A gabanka ya faɗa."

Ya sunkuyar da kai, ya shafa kan 'yarsa, ya ce "Sori," ya fita kamar wanda aka kora. Amarya ta bi bayansa da kallo. Da ba ta sonsa, da abin ya zo da sauƙi.

Da rana mahaifiyarta ta bugo waya, ta jiyo tarin.

"Ki haɗa kayanki! Ƙarshen mako zan zo in ɗauke ki da jikata. In yana son ku ya biyo ku, in kuma injin ya aura, ya zauna da shi."

"Mama—"

"Na gama magana!"

Amarya ta zauna a bakin gado tana hawaye. In ta tafi, aure ya tsage. In ta kai ƙara hukuma, mijinta ba zai sake iya kallon idon yayarsa ba. In ta yi shiru, yarinya ce za ta biya. Ta ɗaga labule, ta hango Yaya tsaye kan injin, gari ya yi mata fari har gira, tana dukan bayanta da hannu don ciwo. Nan wani abu ya faɗo mata. Yaya takan shigo ɗakin nan kullum, amma sai da yamma, bayan ta tashi daga aiki. Duk sanda injin ke ruri, ita ce tsaye a kansa. Ba ta taɓa jin sa daga wannan gefen bangon ba.

Washegari Amarya ta ɗaura zane, ta shiga rumfar.

"Yaya, ina kwana? Bayan nan naki ya ishe ki. Yau ni zan riƙe miki niƙa, ki je ɗakina ki huta da 'yarki."

"Ke? Da wannan hannun na 'yan ofis?" Yaya ta kece da dariya. "Za ki mayar wa mutane da hatsinsu tsakuwa!"

"Ki dai nuna min."

Yaya ta tayar da injin, ta nuna mata yadda ake zubawa kaɗan-kaɗan da yadda ake matse shi, ta tafi tana cewa, "Allah ya yi miki albarka, matar ƙanina."

Layin bai yi nisa ba sai ga Yaya a guje, jaririya a kafaɗa, ta rufe mata fuska da mayafi, idanunta jajur.

"Kashe! Kashe shi!"

Amarya ta kashe injin, ba a jin komai sai tarin yarinyar.

"A cikin wannan kike zaune? Tun yaushe?"

"Tun da na zo, Yaya."

"Innalillahi! Na tambayi Auta, ya ce min ba kwa jin komai!"

Da Auta ya dawo, ya tarar da makanikai suna kinkimar injin zuwa tsohon sito a can bayan gida, sun juya bututun ya kalli fili. Bai gama sallama ba Yaya ta cafke kunnensa a gaban masu niƙa.

"Karatun da na yi maka don ka iya magana ne, ba don ka iya shiru ba! Ka so in kashe 'yata da hannuna?"

"Yaya, kunya ce..."

"Kunyar banza! Je ka ba matarka haƙuri."

Ya shiga ɗaki, ya durƙusa gaban matarsa zai ba ta haƙuri. Amarya ta sa yatsa a leɓe, ta nuna masa gado. Yarinya na barci, ƙirjinta na hawa da sauka a hankali, ga taga a buɗe.

Ƙarshen mako Mama ta zo da shirin faɗa, ta koma ita kaɗai tana sa albarka.

Haƙuri ba shi ne mutum ya rufe taga ya yi ta kuka ba. Sau da yawa wanda yake cutar da kai bai sani ba, don bai taɓa zama inda kake zaune ba. Kafin ka kai ƙararsa, ka ba shi kujerarka.