An Sa Mata Safa

Da sanyin Janairu Asger ya turo ƙofar gidan burodin Holger. Ɗumin tanda ya daki tabaransa, gilashin ya yi fari da tururi. Ta cikin wannan dishi-dishin ya hango wata yarinya mai jan gashi tsaye a bayan teburin ciniki, hasken fitila ya kewaye ta. Ya tsaya kamar an dasa shi.

"Burodi ka zo saye ko tsayuwa?" in ji ta.

"Na manta."

"To goge tabarau, ko ka tuna."

Bai goge ba. Cirewa ya yi ya jefa aljihu, ya dube ta ya yi murmushi.

Ditte ke nan, 'yar Holger. Tun tana ƙarama man suya ya zube mata, ya bar tabo daga kunnen hagu har haɓa. Ta haddace abin da fuskar mutane ke yi: ido ya sauka kan tabon, baki ya ɗan motsa, sai idon ya gudu kan burodi. Wannan saurayin bai yi haka ba. Ta ƙara masa burodin kirfa kyauta, kuma ranar ƙafarta ba ta san ƙasa ba.

Asger ɗan Birthe ne, mai shagon hoto tilo a garinmu. Duk wanda aka haifa ko aka aurar a nan, ta gaban kyamararta ya bi. Tana da wata siririyar baƙar safar mata da take ɗamewa a bakin kyamara. Hoton sai ya fito laushi-laushi, kuraje da tamoji su narke kamar man shanu a kasko. Kyawawa ba ta sa musu. Duk Asabar kuma tana jera sababbin hotuna a tagar shago, mu kuwa mu tsaya da jakunkunan cefane muna yanke hukunci. A garinmu idan aka ce an sa wa mace safa, an gama da ita.

Soyayya ta yi nisa. Kullum Asger ya zauna kusa da ita sai ya cire tabarau, ya ce kada gilashi ya shiga tsakaninsu. Ita kuwa abin ya yi mata daɗi, har ta raɗa masa suna, shi ma ya raɗa mata.

"Kirfata, yau ma rigata ƙamshinki take. Na kasa aiki," ya rubuto mata.

"Makahona, ka ci abinci tukuna. Soyayya ba ta maganin yunwa."

Wata rana ta zo shagon hoton da yake taya uwarsa aiki da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta.

"Ina son hoto. Amma ban da safa."

"Me za ki yi da safa, Kirfata?"

"Ka yi alkawari."

"Na yi."

Ta runtse ido tana gyara zama, ba ta ga abin da hannunsa ya yi ba.

Ranar Asabar saƙo ya shigo wayarta daga Malou, mai gyaran gashi, wadda Birthe ta daɗe tana yi wa ɗanta tanadi.

"Ƙawata, barka! Kin shiga taga. Wallahi kin yi kyau, da ƙyar na gane ki. Ina jin safa ninki biyu aka sa miki."

Ditte ta fita da garin fulawa a hannu. Ga hotonta a tsakiyar taga, babba, kyakkyawa, babu tabo ko kaɗan. Mutane suka dare mata hanya, wasu na tari don ɓoye dariya. Ni ma ina wurin.

Birthe ta fito bakin ƙofa da kofin kofi.

"A teburinsa na tsince shi, na ga bai kamata a ɓoye aiki mai kyau ba. Yarinya, ba ƙin ki nake ba. Shekara arba'in ina kallon fuskoki, na san abin da ido ke iya ɗauka. Ɗana bai taɓa ganinki ba. Ki lura da inda tabaransa suke in yana tare da ke."

Ditte ta koma gida ta rufe ƙofa. Zafin ya fi na man suya, don wancan ba da gangan aka zuba mata ba. Holger ya rantse in yaron ya sake tako masa shago da muciyar kwaɓi zai karɓe shi.

Asger ya rubuto mata: "Kirfata, ba ni na sa a taga ba. Na rantse."

"Safar fa? Ita ma Mama ce?"

Ya karanta amsarta. Sannan: "Ni ne. Haka nake ganinki, shi ya sa. Ki yafe mini."

Sai da bazara ta shigo ya samu ta saurare shi. Ya zo da kyamara, ya miƙa mata safar ta jefa cikin tanda da hannunta. Ya ɗage tabarau kan goshi kamar yadda masu hoto ke yi, ya ɗauke ta hoto a hasken rana, babu safa. Shi da kansa ya liƙa hoton a taga, tabo da komai, ya ce wa uwarsa in ta cire shi, shi ma ya bar shagon. Birthe ta taɓe baki ta ce, "Kyamara ce ta gani, ba kai ba." Amma ta bar hoton.

Ditte ta yafe. Mai ƙishirwa ba ya tambayar zurfin rijiya.

Aka sa biki a farkon hunturu. Coci ta cika, har da Malou a layin gaba. Da fasto ya zo kan tambaya, Asger ya kai hannu ya cire tabarau. Ditte ta riƙe hannun. Ta karɓe su, ta goge da gefen mayafinta, ta mayar masa a fuska.

"Dube ni tukuna," ta ce a hankali. "Sai ka amsa."

Ya duba. Idonsa ya sauka kan tabon, bakinsa ya ɗan motsa, sai idon ya gudu kan furen da ke hannunta. Abin bai kai ƙiftawar ido ba, amma ta haddace shi tun tana ƙarama.

"Na yarda," in ji shi, da ƙarfi.

Fasto ya juyo gare ta. Ta dubi ubanta yana share hawaye, ta dubi Birthe da ke jiran ta ga an fasa. Tana son Asger, wannan ita ce masifar.

"Na yarda."

Aka yi tafi, aka watsa musu shinkafa a bakin coci. Muka taka cikin sanyi zuwa zauren liyafa muna yi musu addu'a, Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuriya mai albarka, ya haɗa kawunansu har tsufa. Holger ya rungume surukinsa, Birthe ma ta sumbaci amarya a kumatun dama.

Suna shiga zauren, sai ɗumi ya daki tabaran ango, gilashin ya yi fari. Ditte ta ciro hankici ta miƙa masa. Bai karɓa ba. Ta ji kafaɗunsa sun saki, ya ja dogon numfashi, ya dube ta da murmushin nan na ranar farko.

"Yauwa," ya ce. "Ga Kirfata nan."

Ta ninke hankicin ta mayar, ta ba shi hannu suka buɗe rawa.