Almakashin Gwaggo Melenaite

"Ajiye almakashin nan, Kelepi!"

Bai ajiye ba. Yana tsaye a ƙofar kicin ɗinta da kayan aikinsa na gini, ƙurar siminti har a gira, yana murmushi wai shi ya zo da mafita.

"Haba Siniyata... Ki zauna in yanke miki kawai, mu kira Gwaggo a waya ta kalla. Ba a waya kika kalli jana'izar ba?"

Veisinia ta dube shi. Da a da ne, da tuni ta wanke shi tas har maƙwabta sun leƙo. Yanzu ta laluba ranta ko za ta sami fushi, ba ta tarar da komai ba.

"Ka san abin da ka faɗa kuwa?"

"Na ce ina son ki! Na ce jiran ya ishe ni! Gashi ne fa, Sinia, gashi..."

Ba dukan laifin ne nasa ba. Kelepi, saurayinta, ɗan tsibiran Tonga ne kamar ita, ta uwa ta uba, amma a nan birnin Brisbane, ƙasar Turawa, aka haife shi, a hoto ya san Tonga. Ya iya cin gasasshen nama, ya iya waƙar coci, iyakar iliminsa ke nan. An sha faɗa masa cewa idan uba ya rasu sai an yanke wa 'ya'yansa mata gashi, kuma hannun gwaggonsu ne kaɗai ke yankewa. Ya ji da kunne, amma bai shige shi ba.

Baban Veisinia ya rasu ne can Tonga tsakiyar annoba, an rufe ƙasar, ba shiga ba fita. A ɗakin hutu na gidan kula da tsofaffi inda take aiki ta kalli binne shi, wayarta jingine da kofin shayi, hoton yana tsayawa yana tafiya. Ta ga ƙannenta biyu sun durƙusa gaban Gwaggo Melenaite, yayar babansu, ta ga gashinsu yana zuba a tabarma. Da aka gama sai ta wanke kofin ta koma bakin aiki. Ba ta yi kuka ranar ba, ba ta kuma yi ba har yau.

Gashin kuwa sai tsawo yake yi, har ya wuce ƙugu. Gwaggo kuma ta riga ta yanke hukunci: babu zancen aure sai ta yanke shi da hannunta.

"An ba ni kujera a jirgin da zai kai mutane gida," in ji Veisinia, muryarta a kwance. "Na waɗanda suka kammala rigakafi ne."

Fuskarsa ta washe.

"To ai ni ma na kammala! Mu tafi tare!"

"'Yan ƙasa kawai. Fasfonka na ƙasar nan ne. Ba su buɗe wa baƙi ba tukun."

"Baƙi? Ni ne baƙon?"

Ta kawar da kai.

"To yaushe za ki dawo?"

"Ban sani ba. Kai mutane zai yi, ba a yi maganar dawo da su ba."

"Aikinki fa? Izinin zamanki ya kusa ƙarewa, Sinia!"

"Na sani."

"Ni fa?"

Ta miƙa hannu ta zare almakashin daga hannunsa a hankali, ta mayar cikin aljihun tebur ta rufe.

Ranar tafiya shi ya kai ta filin jirgi. Wurin da aka saba gani cike maƙil ya zama fayau, yawancin shaguna a rufe. Mutanen Tonga ne kawai a layi, kowa da takunkumi, kowa da kwalaye ɗaure da igiya, rabin matan cikin baƙaƙen kaya. Kusan duk wanda ke layin nan kabari zai je gani.

Aka duba shaidar allurarta, aka duba sakamakon gwaji, aka sake dubawa a tebur na gaba. Wani dattijo a gabanta aka ce allurarsa ta biyu ba ta yi kwanakin da ake so ba. Ya zauna kan kwalinsa ya rufe fuska da hula. Veisinia ta kalle shi, ta san ya kamata ta ji tausayi, ta matsa gaba.

A bakin ƙofar ƙarshe Kelepi ya riƙo hannunta.

"Ki ce mini wani abu mana, masoyiya. Ko zagi ne."

"Ka riƙa cin abinci."

"Shi ke nan?"

"Ka gaida Mama."

Ya sunkuya ya sumbaci goshinta ta cikin takunkumi. Ta ji ɗumin numfashinsa, ta ga idonsa ya yi ja. Ta juya ta shige, ba ta waiwaya ba. Ba don ƙarfin hali ba, mantawa ta yi ana waiwaye.

A cikin jirgi ba mai magana. Mutanen da ko a asibiti sai sun yi waƙa, yau shiru. Sai da tsibiran suka fara bayyana ta taga wata tsohuwa ta ɗauko waƙar coci can ƙasa-ƙasa, sauran suka amsa, kuka ya ɓarke ta ko'ina. Veisinia tana kallon tire ɗin abincinta da ba ta taɓa ba.

Daga jirgi sai mota, daga mota sai otal ɗin killacewa. Gidansu ba shi da nisa daga nan, amma ko bakin shinge ba a bari dangi su zo. Abinci a ajiye a ƙofa a ƙwanƙwasa. Kullum ta kwance gashin ta taje, ta sake ɗaurewa, ta zauna bakin gado.

Ana saura kaɗan a sallame su ƙanwarta Losaline ta kira.

"Yaya... kar ki tsorata fa."

"Faɗi."

"Gwaggo ta faɗi a bayan gida. Tana magana, bakin yana nan daram, har ta zagi likita. Amma ɓarin dama ya shanye."

"Hannun?"

"Shi ne dai... hannun."

"To," in ji Veisinia. Ta kashe wayar ta ci gaba da taje kanta.

Da aka sake su, kabari ta fara zuwa. Tulin farin yashi, an kafa babban bargo mai ado a bayansa, rana ta riga ta fara cinye launinsa. Ta tsaya cikin baƙaƙen kaya da tsohuwar tabarmar makoki ɗaure a ƙugu. Mahaifiyarta tana gefe tana kuka, ƙannenta suna kuka, gashinsu har ya sake tsirowa zuwa kafaɗa. Ita dai yashi ta gani.

A gida ta tarar da Gwaggo kan kujera a baranda, an lulluɓe mata ƙafa. Mace ce da ko namiji bai isa ya zauna sama da ita ba a gidan ɗan'uwanta. Ta rame, amma idon yana nan.

"Ke ce kika zama haka? Turawan ba sa ba ki abinci?"

"Suna ba ni, Gwaggo."

"Ƙarya. Matso. Losaline, kawo almakashi!"

Aka shimfiɗa tabarma. Veisinia ta durƙusa ta kwance gashin ya zubo. Aka sa wa Gwaggo almakashi a hannun dama, aka lanƙwasa mata yatsu. Ya zame ya faɗi. Aka mayar hannun hagu. Ta buɗe, ta kasa rufewa a kan wannan uban gashi. Ya sake faɗuwa, ƙararsa a siminti kowa ya ji.

Mahaifiyar Veisinia ta ce a hankali, "Ko yaran su kama miki?"

"Waɗanne yara? 'Ya'yan mamaci su taɓa almakashin? Ko ke? Ashe so kuke ƙanena ya ji kunya a kabarinsa!" Ta juyar da kai. "Hannun zai dawo. A jira."

Aka jira.

Hannu bai dawo ba. Watanni suka shuɗe. Izinin zamanta ya ƙare, wurin aiki suka ɗauki wata. Veisinia ta zama mai jinyar Gwaggo: ta yi mata wanka, ta dama mata gwaza da madarar kwakwa, ta murza mata hannun da mai safe da yamma. Hannun da aurenta ke rataye a kansa, tana murza shi kamar na kowace tsohuwa a wurin aikinta na da.

Kelepi yana kira kullum. Hirar sai gajarta take.

"Yaya hannun?"

"Yana nan."

"Ke fa?"

"Ina nan."

"Sinia, kina so na har yanzu?"



"Ban sani ba, Kelepi. Ba kai ba ne... ba na jin komai ne. Ka nemi wata, kar ka tsufa kana jiran hannun da ya mutu."

"Maimaita!"

"Ka ji ni."

Ya kashe wayar. Washegari bai kira ba, jibi ma haka. Ta lura, ta kuma lura cewa bai yi mata zafi ba. Wannan ne ya ɗan ba ta tsoro.

Sai ga sanarwa a rediyo: an buɗe ƙasa ga duk mai cikakken rigakafi, ɗan ƙasa da baƙo, babu killacewa. Gari ya ɗau murna. Veisinia tana wanke tukunya ta ji, ta ci gaba da wankinta.

Wata Asabar da hantsi tana baranda tana murza hannun Gwaggo, motar haya ta tsaya a bakin hanya. Wani ƙato ya fito cikin baƙaƙen kaya. Ya ɗaura wata tsohuwar tabarma, amma ɗaurin nasa abin a kama baki ne: a juye take, ta hau har hammata, ya zagaye ta da igiyar ɗaure kaya ta 'yan gini. Yana tafiya tana zamewa, yana tarewa da gwiwar hannu.

Losaline ta fashe da dariya.

"Wayyo cikina! Wa ya naɗe wannan kamar kifin da za a gasa?"

Gwaggo ta ƙanƙance ido.

"Kai! Wane ne kai?"

Bai hau barandar ba. A ƙasa ya zauna, kan ciyawa, ya harɗe ƙafa ya sunkuyar da kai. Wani dai ya koya masa.

"Kelepi ne, Gwaggo."

"Oho. Mai almakashi."

Ashe labari ya riga shi isowa. Kunnuwansa suka yi ja.

"Na yi kuskure, Gwaggo. Ban sani ba ne. Na zo gaisuwar Baba, na zo neman gafara."

"Wa ya ɗaura maka tabarmar?"

"Ni na ɗaura... a filin jirgi."

"Ya nuna. Kuma aure ka zo nema da wannan ɗaurin?"

"A'a. Ta ce in nemi wata. Na zo in jira ne a inda take jira. Ko shekara nawa hannun zai ɗauka."

Veisinia ba ta ɗago ba. Tana dai riƙe da mataccen hannun, ta daina murzawa.

Gwaggo ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kalli hannunta da ke kwance a cinyar Veisinia, kallon da ba ta taɓa yarda ta yi masa a gaban mutane ba.

"Ba zai dawo ba," ta ce. "Na daɗe da sani. Girman kai ne ya hana ni faɗa, na zaunar da yarinya tana rubewa a gabana." Ta ja numfashi. "Kai, ba jininmu ba ne kai. Ba ka ƙasana, ba ka samana. Nuna mini hannunka."

Ya ɗaga. Hannun lebura, duk kanta.

"Zai yi. Losaline, almakashi!"

Aka shimfiɗa tabarma. Veisinia ta durƙusa ta ba su baya, ta kwance gashin. Gwaggo ta sa aka zura mata yatsunta na dama cikin almakashin, matattun nan. Sannan ta ce Kelepi ya rufe hannunta da nasa.

"Ku duka ku shaida," ta ce da ƙarfi. "Hannuna ne. Ƙarfinsa kawai na ara. Kai kuma kar ka motsa sai na ce!"

"To, Gwaggo."

"Hannunka rawa yake. Ba kai ne mai cika baki a Brisbane ba?"

"Ni ne..."

"To matsa!"

Ƙiris... ƙiris... Gashin yana da kauri, sai a hankali yake ba da kai. Veisinia tana jin kowane yanka a fatar kanta. Sai nauyin ya sake ta gaba ɗaya. Iska ta taɓa bayan wuyanta, wurin da ya daɗe bai ji iska ba.

Nan ne babanta yake ɗora hannu idan zai tsallaka da ita titi tana ƙarama.

Ta kalli gashin a tabarma. Baki ya buɗe, da farko ba sauti. Sannan ya fito, irin kukan da ake yi ranar farko.

"Baba...! Wayyo Babana! Ban zo ba... ban zo ba, Baba!"

Mahaifiyarta ta rungume ta, ƙannenta suka faɗo kansu. Kelepi ya yi tsaye da almakashi a hannu, tabarmarsa ta zame har gwiwa, hawaye na bin gemunsa, bai san ko an yarda ya matsa ba.

Ita ce ta miƙo hannu ta baya, ba tare da ta juyo ba, tana laluben sa. Ta kama yatsunsa ta riƙe gam har sai da ya ji zafi.

Gwaggo ta share idonta da hannun hagu.

"Ku bar ta ta yi," ta ce. "Yau babanta ya rasu."